Baba Reluwe da Munafukin Teburi na Huɗu

Duk wanda ya taɓa zama da Baba Reluwe a teburin karta ya san ba ya buɗe katinsa sai ya ƙirga. A kife, ɗaya bayan ɗaya, yana lasar babban yatsa, kuma da ƙarfi, da Hausa, a tsakiyar tsofaffin Turawa da suka yi tsit kamar masu rubuta jarrabawa. "Sha ɗaya, sha biyu, sha uku." Sai ya ɗago ya harare ni ta saman tabarau ya ce, "Kati ya cika. Saura hankalin Habu."

Habu ni ne. Shekara tara ina shan wannan duk ranar Talata.

Kun ce in rubuta wani abu a karanta ranar sadakar arba'in. Ban san me ya sa sai ni ba. Cikinku akwai likitoci, akwai masu digiri bibbiyu daga jami'o'in Bloomsbury, ni kuwa a aji biyu na sakandare na tsaya, tasi nake ja a Woolwich, matata ta kwashe yara ta koma Manchester tun tuni. Amma tunda duk cikinku ba wanda ya taɓa raka shi kulob ɗin kartar nan ko sau ɗaya, sai dai a yi masa dariya in ya ba da baya, to ga shi nan. Labarin kujerarsa ne, wadda aka so a raba shi da ita, da yadda ni da kaina na kusa taya su. In ya yi muku ɗaci ku haɗiye.

Yadda muka haɗu ma abin haushi ne. Booking ɗin tasi ya yi, na je na ɗauko shi a ƙofar flat ɗinsa, dogon tsoho da kwat a kan kaftani, yana jan ƙafa. Ya ji ina zagin wani mai keke da Hausa, ya ce, "Ɗan ina ne?" Na ce Funtuwa. Ya ce shi Zariya, Alhaji Isiyaku, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya sa ake ce masa Reluwe, an turo shi kwas tun ban san kaina ba, bai koma ba. Da muka isa wani zauren coci ya ƙi fita. Ashe abokin wasansa ne ya rasu, yau ba shi da kowa.

"Ka iya ƙirga zuwa sha uku?"

"Haba Baba!"

"To ka fi rabin waɗanda ke ciki. Kashe motar."

Ga waɗanda ba su sani ba, birij sunan wasan. Mutum huɗu a teburi, biyu da biyu, kai da abokinka kuna fuskantar juna. Kujerun suna da suna: Arewa, Kudu, Gabas, Yamma. Arewa da Kudu ba sa tashi, 'yan Gabas da Yamma su ke yawo teburi-teburi. Kuma wanda ke kujerar Arewa shi ke rubuta sakamako bayan kowane zagaye. Baba shi ne Arewa a teburi na huɗu tun kafin a yi wa zauren fenti na farko. Da gwiwoyin nan nasa, in aka ce ya shiga sahun masu yawo, an ce ya zauna a gida ke nan. Gidan kuwa kun san shi: shi kaɗai, da rediyo, da 'yarsa da ke kira daga Kanada ranar Lahadi ta amsa masa Hausa da Turanci.

Kun tuna ranar da Malam Sani ya tare shi bayan Juma'a? Gaban kowa fa, muna neman takalma.

"Alhaji, an ce karta kake yi da Turawa. A wannan shekarun naka?"

"Malam, shekara talatin ina yi. Abin da na taɓa ci biskit ne, shi ma guda biyu ake ba kowa ko ya ci ko ya faɗi."

"Amma dai ɓata lokaci ne."

Sai Baba ya nuno ni da sanda. "Ka ga wancan? Shi ne abokin wasana. Wanda ya zauna da wancan awa uku bai kashe shi ba, lada yake samu. Kai da ma ka zo ka gwada imaninka."

Har Malam Sani sai da ya yi dariya. Ni ban yi ba.

A kulob ɗin akwai doka, ba a magana a teburi sai da Turanci, kada a ce kuna gaya wa juna kati. Mai kula da wasan wani siririn Bature ne, Colin, amma Baba bai taɓa kiransa da komai ba sai Di'o, kamar na zamanin mulkin Turawa. Wata rana na jefar da katin da bai kamata ba, Baba ya ɗaga ido sama ya yi magana. Di'o ya taso da saurinsa. Su Isiyaku ya fi ƙarfin bakinsu, Mista Isa suke ce masa.

"Mista Isa, don Allah, Turanci kawai."

"Addu'a nake yi. Ko an hana addu'a a coci?"

Di'o ya ba da haƙuri har da ɗan rusunawa, ya koma. Addu'ar kuwa ita ce, "Ya Allah ka shirya wannan jakin, in ba mai shiryuwa ba ne ka musanya mini shi." Tun daga ranar duk tsofaffin matan nan in sun ga ya ɗaga ido sama sai su sunkuyar da kai don girmamawa. Wallahi har amin na taɓa jin wata ta ce.

Ga rowa! Fensirin da yake rubuta sakamako da shi, ya feƙe shi da reza har ya koma kamar guntun ashana, sai ya cusa shi cikin murfin biro don ya sami abin riƙewa. Akwai wata tsohuwa mai suna Doreen, shi kuwa Hajiya Dorin yake ce mata. Ta ji tausayinsa ta kawo masa sabon kwalin fensir da Kirsimeti. Ya yi godiya sosai, ya sa a aljihun kwat. Talata ta zagayo, ga guntun nan dai.

"Mista Isa, ina waɗanda na ba ka?"

"Suna layi, Madam. Wannan bai yi ritaya ba."

A lokacin takarda ake amfani da ita, 'yar ƙarama a naɗe, tana bin katin daga teburi zuwa teburi. Baba yana son takardar nan kamar wasiƙar gida. Yakan buɗe ya duba rubutun waɗanda suka riga mu, ya ce, "Dubi hannun wannan yadda ya karkace. Matarsa ta yi masa faɗa da safe." Ya san hannun kowa. Ya ce haka suke a tasha, in ka ga rubutun mutum a littafin jirgi ka san ko ya yi barci ko bai yi ba.

Sai ga na'ura ta zo.

Mun shiga wata Talata muka tarar da wani abu a kan kowane teburi, launin toka, kamar kalkuletar 'yan kasuwa, da ɗan ƙaramin gilashi a sama. Di'o ya tsaya yana bayani yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ba sauran takarda. Arewa zai danna sakamako, ya miƙa wa Gabas ya duba ya danna cewa ya yarda, shi ke nan sakamakon ya tafi kwamfutarsa a can kusurwa. Kafin ka sa kwat an san wa ya zo na ɗaya.

Baba ya ɗaga abin ya juya shi, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Ina wayar?"

"Babu waya, Mista Isa. Ta iska yake aikawa."

Baba ya juyo gare ni, ya ɗaga ido sama don a ɗauka addu'a ce. "Habu, abin da ke zaune da kai a teburi, yana jin komai, ya kai rahoto wurin Di'o ba a ga tashinsa ba, me ake ce masa a garinku?"

Na ce, "Munafuki."

"To sunansa ke nan."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne batun Gabas ya tabbatar. "Ni? In faɗi magana sai wani ya danna ya ce gaskiya ce? Jirgi mai tarago ashirin nake sallama da hannu ɗaya, ba wanda ya taɓa dubawa!"

Makon farko ya cire hularsa ya kifa a kan Munafuki, ya fito da takardarsa da guntun fensir. Mako na biyu Di'o ya ce kwamfuta ba ta jin teburi na huɗu. Aka yi ta nema, ƙarƙashin kujeru, cikin jakunkuna, har kwandon shara. A firjin kicin aka same shi, kusa da madara. Baba ya ce ya ji ya ɗau zafi ne. Mako na uku ya zare masa batir ya ce rediyonsa ya fi buƙata.

Mutane sun yi dariya har suka gaji. Ƙarshe kwamiti ya zauna, Di'o ya zo da fuskar ta'aziyya ya ce in wata ya ƙare teburi na huɗu bai fara amfani da na'ura ba, dole a ba wasu kujerun. Na ce to mu yi musanya mana, ni in koma Arewa in danna, shi ya koma kujerata. Ya ce ko gawarsa ba za ta zauna a kujerata ba.

A nan ne na yi abin da har gobe yake ci na. A gaban Di'o, a gaban Hajiya Dorin, kuma da Turanci don kowa ya ji, na ce, "Baba, ba wani munafunci. Jahilci ne kawai ke damunka. Abin da yaron nursery zai danna ka kasa, shi ne kake ta wasan kwaikwayo." Ni fa, ɗan aji biyu. Ni da a da in takardar council, wato hukumar unguwa, ta zo sai na kai masa ya karanta mini.

Ko addu'ar bai yi mini ba. Haka na mayar da shi har ƙofar gidansa.

Talata ta gaba ya zauna, ya jawo Munafuki gabansa da kansa. Kuma kamar da gangan, ranar ce katin rayuwarsa ya zo. A birij kafin a fara kana alkawarin yawan cin da za ka yi, daga mataki na ɗaya zuwa na bakwai. Bakwai shi ne ƙarshe, ka ce duk ci sha ukun naka ne, ba za ka bar musu ko ɗaya ba. Mutum sai ya yi shekaru bai gan shi ba. Baba ya ce bakwai. Na shimfiɗa nawa katin a teburi kamar yadda wasan ya tanada, ina kiran sunan kowanne, don ya daɗe da kafa mini wannan doka, wai in koyi Turanci. Ya rufe ido ya yi kamar minti biyu, sannan ya fara. Ɗaya, biyu, uku, yana ta kwasa, har sha uku. Kai jama'a! Hajiya Dorin ce a Gabas, ita aka cinye, amma ita ta fara tafi.

Ya ɗauki Munafuki, ya kawo shi dab da hanci, ya daddanna, ya miƙa mata kamar mai miƙa takardar sallama. Ta duba. Ta sake dubawa.

"Mista Isa, ko za ka ƙara dubawa?"

"Na duba, Madam."

"Ka tabbata?"

"Ban taɓa faɗin abin da ban tabbata ba."

Ta daɗe da yatsa a sama, sannan ta danna. Da aka tashi shan shayi na leƙa allon Di'o, na ga mu ne na ƙarshe a wannan zagaye. Maimakon bakwai, ɗaya ya danna. Wasan da ya fi kowane wasa ya shiga kwamfuta a matsayin mafi ƙanƙanta. Di'o ya ce ba komai, zai gyara yanzu. Baba ya ce, "Abin da na danna na danna. Ta yarda. Kar ka taɓa."

Na bi Hajiya Dorin kicin raina a ɓace. Na ce ai kin gani, me ya sa kika yarda? Ta ajiye butar shayi ta dube ni kamar yadda ake duban mara lafiya.

"Ko in ƙwace masa wasansa, ko in sanar da zauren nan duka cewa ba ya ganin gilashin. Wanne kake jin zai zaɓa?"

Na ce wane irin ba ya gani?

"Habu, kai ne ke kawo shi. Ba ka lura ba? Ya fi shekara bai karanta takardar sakamako ba, rubutawa kawai yake yi don hannunsa ya san wurin. Me ya sa kake jin yake sa ka kiran katinka? Me ya sa mu duka muke faɗin sunan katin da muka jefa in mun zo teburinku? Ka taɓa jin mun yi haka a wani teburi?" Ta nuna ta ƙofa. "Kuma dubi inda kujerarsa take."

Na duba. Babbar taga ɗaya ce tak a zauren, tana bayan kujerar Arewa ta teburi na huɗu, haskenta na sauka ta kan kafaɗarsa daidai kan katin da ke hannunsa. Kujerata kuwa fuskantar tagar take yi, wanda ya zauna a kanta katinsa a inuwa yake. Shekara tara ina kallon tagar nan ina ƙorafin tana kashe mini ido. Tsofaffin Turawa sun gane, ni da nake cin tuwo a gidansa ban gane ba.

Ban san me Hajiya Dorin ta ƙulla da sauran matan ba, amma Talata ta gaba da aka gama zagayen farko, wadda ke Gabas ta riga shi ɗaukar na'urar.

"Mista Isa, wannan abin ya gagare ni wallahi. Ko za ka koya mini? Ka faɗa, ni in danna."

Baba ya gyara zama. "Ba wuya, Madam. Danna huɗu. Kin danna? Me ya rubuta?"

Ta karanta masa.

"Yauwa. Kin fara ganewa."

Ta biyu ta zo, ita ma ya gagare ta. Ta uku haka. Har wani tsohon injiniya da ya yi rayuwarsa yana haɗa kwamfuta, shi ma ranar ya zama daƙiƙi. Di'o kuwa duk lokacin da ya zo wucewa ta teburi na huɗu sai wani abu a silin ya ɗauke masa hankali. Wata ya ƙare, ba wanda ya sake ta da maganar kujera.

A mota Baba sai cika baki. "Ka gani ko? Su suka ƙera abin, ni nake koya musu. Wata shida matar nan ba ta iya ba! Kai har ka fi ta." Ya kai shekara biyu yana koyar da na'urar da bai taɓa ganin rubutunta ba. Ni kuma kullum in na ɗauko shi sai in shirya yadda zan ce ya yafe mini maganar nan, in buɗe baki, sai in ji ina zagin mai keke.

Da sanyin bana ya shigo, rana ta fara faɗuwa tun ƙarfe huɗu, na ga yana kai katin har yana taɓa tabarau. Muna hanyar komawa, daidai kasuwar Woolwich, ya ce, "Habu, tagar nan tawa, sun daina wanke ta."

Na san tagar nan tas take. Na ce, "Sun daina, Baba."

"Kullum ƙara duhu take. Ka gaya musu."

Talatar da ta biyo na bar aiki tun safe, na ɗauki bokiti da soson wanke mota na tafi. Ana yayyafi. Di'o ya same ni a kan tsani a waje, ya ajiye jakarsa ya riƙe mini tsanin. Na wanke ta ciki da waje, sau biyu, na goge da jarida har tana ƙara. Sannan na je na ɗauko Baba.

Ya zauna, ya juya fuskarsa wajen tagar ya daɗe.

"An wanke?"

"An wanke."

"Wa?"

"Council."

"Ƙarya kake, council ba sa wanke komai. Sabulun motarka nake ji, mai warin lemon nan na banza." Ya ɗauki katinsa ya karkatar da shi wajen hasken, ya matso da shi, ya nisantar, ya sake matsowa. Can ya ce, "Ta ɗan yi haske. Allah ya yi maka albarka."

Shekara tara, ranar ce ya fara yi mini addu'ar da ba jaki a ciki. Na sunkuyar da kai ina gyara katin da ba ya buƙatar gyara.

Talatarsa ta ƙarshe ke nan. Ranar Asabar aka kai shi asibiti, sauran kun sani, kun zo jana'iza, wasunku har da kuka. Bai tashi daga kujerar nan ba sai da Mai ita ya tashe shi. Di'o ya kira ni ya ce sun bar mini ita, Hajiya Dorin ta ce za ta zauna Kudu in ina so. Talata biyar ke nan ina zuwa in tsaya da mota a tsallaken titi, in kalli tagar daga waje, in kasa kashe injin.

Ya Allah ka jiƙan Baba Isiyaku. Ka yafe masa taurin kansa, ka yafe mini abin da na faɗa masa gaban mutane, tunda shi ban samu bakin roƙonsa ba. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka kabarinsa da hasken da ba ya dusashewa. Amin.